'Yan kwana-kwanan sa-kai na Amurka da rigimar dokar OSHA ta 2024

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a Amurka yawancin masu kashe gobara ba albashi suke ɗauka ba. Eh, Amurkar nan dai. A ƙididdigar da NFPA, ƙungiyar da ke rubuta ƙa'idojin kariya daga gobara, ta fitar ta shekarar 2020, 'yan kwana-kwanan ƙasar sun ɗan haura miliyan ɗaya, a cikinsu 676,900 'yan sa-kai ne, wato wajen kashi 65 cikin ɗari, manomi ne, makanike ne, malamin makaranta ne, direban babbar mota ne, kowa da sana'arsa, sai in ƙararrawa ta buga ya ajiye abin da yake yi ya ruga tasha ya saka kaya ya hau mota. Tashoshin kwana-kwana kusan dubu 29 da ɗoriya ne a ƙasar, sama da dubu 18 daga ciki babu ma'aikacin albashi ko ɗaya. Abin ya samo asali tun da daɗewa, Benjamin Franklin ma ya kafa irin wannan ƙungiya a Filadelfiya tun 1736.

To tambayar da ta sa na zauna rubuta wannan ita ce, idan za a rubuta ƙa'idar kare lafiyar ɗan kwana-kwana, wace irin riga zai saka, sau nawa likita zai duba shi, awa nawa zai yi a tirenin kafin a bar shi ya shiga gida mai ci da wuta, su waye ke zama su rubuta? Kuma su waɗannan mutum dubu 600 da wani abu, muryarsu tana kaiwa ɗakin ko kuwa sai an gama a kawo musu takarda? Rigimar da aka yi a 2024 kan daftarin dokar OSHA, hukumar kula da lafiya da tsaron ma'aikata, ta fito da amsar fili, shi ya sa zan bi ta daga tushe.

Inda abin ya faro

Ranar 17 ga Afrilu 2013, da yamma wajen ƙarfe bakwai da rabi, wuta ta tashi a wani kamfanin takin zamani a wani ƙaramin gari da ake kira West a jihar Teksas, garin da mutanensa ba su kai dubu 3 ba. 'Yan kwana-kwanan garin 'yan sa-kai ne, suka fito kamar yadda suka saba, suka ja mesa suka fara fesa ruwa. A cikin sito akwai tan-tan na sinadarin amoniyam naitiret. Bayan kamar minti 20 wurin ya tarwatse. Mutum 15 suka mutu, 12 daga ciki masu kai ɗauki ne, yawancinsu 'yan sa-kai, sama da mutum 260 suka jikkata, gidan kula da tsofaffi da makarantu da gidajen jama'a duk suka lalace.

Hukumar binciken haɗarin sinadarai ta ƙasar ta fitar da rahotonta a farkon 2016, kuma abin da ta gano yana da ɗaci. Ba a taɓa zama an tsara yadda za a tunkari gobara a wannan kamfani ba duk da kowa ya san yana nan, ba a samu tsayayyen tsarin wanda ke ba da umarni a wurin ba, horon da suke da shi kan sinadarai masu haɗari bai kai ya nuna musu cewa takin nan zai iya fashewa ba. Mutane ne masu zuciya, ba wanda ya ce ba su yi ƙoƙari ba, amma ba a ba su ilimin da zai ce musu ku ja da baya ku kwashe jama'a kawai. A Teksas ɗin, hukumar jiha tana tilasta wa 'yan kwana-kwana masu albashi samun takardar shaidar horo, na sa-kai kuwa ganin dama ne.

A watan Agusta na 2013 shugaba Obama ya sa hannu kan wani umarni na inganta tsaro a wuraren ajiye sinadarai, daga nan OSHA, wato hukumar kula da lafiya da tsaron ma'aikata a wurin aiki, ta ƙara ƙaimi wajen sake duba tsohuwar dokarta ta masu kashe gobara. Ita wannan tsohuwar doka tun 1980 aka yi ta, kuma gaskiya ta tsufa, asali ma an fi yin ta ne domin masu kashe gobara na cikin masana'antu. An kafa ƙaramin kwamiti ya yi zama a 2015 da 2016, a 2021 aka ji ta bakin ƙananan hukumomi da ƙungiyoyi, sai ranar 5 ga Fabrairu 2024 aka buga daftarin sabuwar doka a hukumance, takarda ce mai shafi sama da 600.

Me ke cikin daftarin

Idan ka karanta shi da zuciya ɗaya ba za ka ga mugun abu ba. Kowace tasha ta rubuta tsarinta na kai ɗauki, ta san wuraren haɗari da ke yankinta ta yi musu shiri tun kafin wuta ta tashi, wanda shi ne ainihin abin da aka rasa a West. Likita ya duba kowane ɗan kwana-kwana aƙalla duk shekara biyu, wanda kuma yake shiga hayaƙi sau 15 ko fiye a shekara a ƙara masa bincike mai zurfi. A kula da lafiyar ƙwaƙwalwarsu. A riƙa duba motoci da kayan aiki a kan lokaci. Horo ya kai wani mataki, na shugabanni ya fi haka. Kuma akwai dalili, domin abin da ya fi kashe 'yan kwana-kwana a bakin aiki a Amurka ba wutar ba ce, bugun zuciya ne, sannan a 2022 hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta saka aikin kashe gobara cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar kansa. Ƙungiyar ƙwadagon 'yan kwana-kwana masu albashi, IAFF, ta yi maraba da daftarin, kuma ni ban ga laifinta ba ko kaɗan, 'ya'yanta ne ke mutuwa.

Matsalar tana wani wuri ne. OSHA ba ta zauna ta rubuta komai da kanta ba, sai ta ɗauko ƙa'idojin NFPA sama da 20, wasu gaba ɗaya wasu sashe-sashe, ta ce daga yanzu sun zama ɓangaren doka. A nan ne ya kamata a tsaya a fahimci mece ce NFPA ɗin, don duk rigimar a nan take.

NFPA ba gwamnati ba ce. Ƙungiya ce mai zaman kanta da aka kafa a 1896, hedikwatarta na garin Quincy a jihar Masachusets, aikinta rubuta ƙa'idojin kariya daga gobara, kuma ƙa'idojin nata na ganin dama ne sai in wata hukuma ta ɗauka ta mayar doka. Kwamitoci ne ke rubutawa, kuma an kasa kujerun kwamiti kashi tara: masu ƙera kaya, masu amfani da kaya, masu girkawa da gyarawa, 'yan ƙwadago, masu bincike da gwaji, masu tilasta bin doka, kamfanonin inshora, masu saye, da ƙwararru na musamman. Ƙa'ida ce kada wani rukuni ɗaya ya wuce kashi ɗaya bisa uku na kwamiti. A takarda tsarin yana da kyau sosai, kowa ma yana iya aika shawara ko da ba mamba ba ne, kuma duk shekara 3 zuwa 5 ake sake bitar kowace ƙa'ida.

Amma ka duba rukunan nan tara da kyau, babu wanda aka ware da sunan ɗan sa-kai. Yana shiga ne ta ƙarƙashin wani rukunin. Sannan NFPA ba ta biyan 'yan kwamiti, kuɗin jirgi da otel da abinci na wanda ya turo ka ne. Injiniyan kamfanin da ke ɗinka rigar wuta, zuwa mitin ɗin yana cikin aikinsa, albashinsa na tafiya, kamfani ya biya tikiti. Wakilin ƙungiyar ƙwadago haka. Shi kuwa shugaban wata tasha a ƙauyen Kansas ko Montana da yake da gona ko shago, in zai je sai ya rufe shago ko ya ɗauki hutu a wurin aikinsa, ya karanta ɗaruruwan shafuka da daddare bayan ya dawo daga kiran gaggawa, kuma ba sau ɗaya ba, shekara da shekaru ake yi kafin a kammala bita ɗaya. Ba wanda ya rufe masa ƙofa, amma kuɗin shiga ɗakin ya fi ƙarfin mafi yawansu.

Kada kuma a ce ba su da wakilci kwata-kwata, wannan ba gaskiya ba ne. Suna da majalisarsu ta ƙasa, NVFC, tun 1976, kuma tana tura wakilai kwamitocin NFPA da dama. Philip Stittleburg, shugaban 'yan kwana-kwanan wani ɗan ƙaramin gari La Farge a jihar Wiskonsin, ya jagoranci NVFC shekaru da dama, har ya taɓa zama shugaban hukumar gudanarwar NFPA ɗin kanta. To ka ga kujera akwai. Abin da nake cewa shi ne mutum ɗaya ko biyu a kwamitin mutum 20 ko 30, suna magana da yawun kashi 65 na masu aikin, idan aka zo ƙuri'a ana iya rinjayarsu cikin sauƙi ba tare da kowa ya yi mugun nufi ba.

Kuma akwai wani abu da ya sa a da ba su cika tada jijiyar wuya ba. Muddin ƙa'idar ta ganin dama ce, ɗan sa-kai zai iya ɗaga hannu ya amince da ita a matsayin inda ake son a kai, yau mu yi rabi, baɗi mu ƙara. Ranar da aka ce ta zama doka mai tara, ma'anar wannan ɗaga hannun ta canza baki ɗaya, kuma ba a kan haka ya amince ba tun farko.

Ga misali ɗaya a kusa. Ƙa'idar NFPA 1851 ta ce rigar wuta da wando da hular kwano da takalmi, in sun cika shekara 10 daga ranar da aka ƙera su, a ajiye su. A babban birni inda mutum ke shiga wuta kusan kullum, kafin shekara 10 ma rigar ta ƙone ta yage an canza. A ƙauyen da gobarar gida ba ta wuce 'yan ƙalilan a shekara, za ka samu riga rataye a kabad, zanen da ke ƙyalli a jikinta ko dusashewa bai yi ba, amma tambarin da ke cikin wuyanta ya ce ta ƙare. Saiti ɗaya dala dubu 3 ne zuwa sama, ban da tukunyar iskar shaƙa wadda ta fi haka tsada, ka ninka da mutum 20 ko 25. Su kuma waɗannan tashoshi da yawansu da me suke tara kuɗi? Da gasa kaji ranar Asabar a sayar wa 'yan gari, da karin kumallo na gayya, da tikitin gasa, wani lokaci ma su tsaya a mahaɗar titi riƙe da takalmin aiki direbobi na jefa canji a ciki. Masu goyon bayan shekara 10 ɗin suna da hujja, yadin yana raunana ko ba a saka ba, kuma fasahar ɗinki tana ci gaba. Amma da masu irin wannan kabad ɗin sun fi yawa a ɗakin, ina ganin da an fi matsa wa tambayar ko za a iya gwada rigar a ga lafiyarta maimakon a bi kalanda kawai.

Yadda suka tashi tsaye

Da daftarin ya fito, OSHA ta ƙiyasta cewa tashar 'yan sa-kai za ta kashe kimanin dala dubu 14 a shekara wajen bin dokar. NVFC ta ce lissafin ya yi ƙasa sosai, kuma ko da haka ɗin ne, akwai tashoshin da wannan kuɗin babban kaso ne na duk abin da suke samu a shekara. Suka kawo maganar lokaci, wanda a wurin ɗan sa-kai ya fi kuɗi tsada, awannin tirenin da cike takardu, wa zai yi? Suka ce akwai kwas ɗin manyan jami'ai da daftarin ke nema wanda wasu jihohi ba sa ma bayar da shi. Suka ce ƙa'idojin NFPA ɗin ana iya karanta su kyauta a intanet amma ba a saukewa ko bugawa sai an biya, to ya za a ce abu doka ne amma sai ka saya? Kuma duk wannan yana zuwa ne a lokacin da 'yan sa-kai ke raguwa, a 1984 sun kusa dubu 898, ka kwatanta da adadin 2020, alhali kiran gaggawa ƙaruwa yake yi, waɗanda suka rage ma shekarunsu na ja.

OSHA ta ce ai ita ta tarayya ba ta da hurumi a kan 'yan sa-kai na gaskiya, ko ma'aikatan jiha da ƙananan hukumomi. Haka ne, amma akwai tsare-tsaren jihohi 29 da ke gudanar da tasu OSHA ɗin, kuma doka ta ce nasu kada ya gaza na tarayya ƙarfi, wasu jihohin kamar Niyok suna ɗaukar ɗan sa-kai tamkar ma'aikaci. Don haka a can dokar za ta hau kansu kai tsaye. Su ma na sauran jihohin hankalinsu bai kwanta ba, domin in wani ya ji rauni aka je kotu, lauya zai ɗago dokar tarayya ya ce ga ma'aunin da kuka kasa cikawa, kamfanin inshora ma zai duba. Abin da ya fi damuna a nan shi ne Teksas ba ta cikin jihohi masu nasu tsarin, ma'ana irin tashar garin West, wadda mutuwar mutanenta ta ƙara tunzura wannan aiki, dokar ba za ta kai gare ta kai tsaye ba. Nauyin zai faɗa wa wasu, giɓin da ya kashe mutane kuma yana nan a wasu wuraren.

An fara ba da wa'adin jin ra'ayi zuwa 6 ga Mayu 2024, matsin lamba ya sa aka ƙara zuwa Yuni, aka sake ƙarawa zuwa 22 ga Yuli. Dubban ra'ayoyi suka shiga, da yawa daga ƙananan tashoshin da ba su taɓa rubuta wa gwamnatin tarayya komai ba. Majalisar wakilai ta yi zaman jin bahasi a kai, 'yan majalisa daga jam'iyyu biyun suka rubuta wasiƙu. A watan Satumba OSHA ta fitar da sanarwa cewa ta ji koken, kuma za ta duba duk hanyar rage wa 'yan sa-kai nauyi, har da yiwuwar cire su daga wasu sassa ko ma gaba ɗaya. Ranar 12 ga Nuwamba aka buɗe zaman sauraron jama'a ta intanet, aka yi makonni ana yi. Har gwamnatin Biden ta sauka a Janairun 2025 ba a kammala dokar ba, tsohuwar ta 1980 ce ta ci gaba da aiki.

Abin da na gani a ciki

Wasu sun ɗauki wannan a matsayin nasara ga 'yan sa-kai, ni ban cika ganin haka ba. Sun nuna suna da ƙarfin tsayar da abu, wannan gaskiya ne, amma tsayarwa daban, rubutawa daban. Kuma maganar a cire su gaba ɗaya tana ba ni tsoro, domin hayaƙin da ke saka wa mai albashi cutar kansa shi ne dai ɗan sa-kai ke shaƙa, zuciyar manomi ɗan shekara 58 da ya goya tukunyar iska ya hau bene ma ta fi buƙatar likita ya duba ta. In aka cire su shikenan an ce rayuwarsu ta fi araha, kuma ita kanta NVFC ba ta ce ba ta son tsaro ba, cewa ta yi a yi abin da za a iya ɗauka.

Kuma an taɓa gwada wata hanyar ta yi aiki. A 2001 NFPA ta fitar da ƙa'idoji biyu tare kan yawan mutane da saurin kai ɗauki, 1710 ta masu albashi, 1720 ta 'yan sa-kai. Ta farkon ta ce mutum 4 a kowace mota, motar farko ta isa cikin minti 4 na tafiya. Da an ɗora wa ƙauye wannan da babu wanda zai cika. Sai ta biyun ta bi yawan jama'ar yanki, daga baya aka saka mata alƙaluma: inda mutane suka yi yawa mutum 15 cikin minti 9, a gefen gari mutum 10 cikin minti 10, a karkara mutum 6 cikin minti 14. Ba a ce karkara ba ruwanta da ma'auni ba, an ba ta nata ne wanda za ta iya miƙa hannu ta kamo, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Irin wannan matakala ce daftarin 2024 bai yi isasshiya ba a maganar likita da horo da kaya.

Da ni za a tambaya, gyaran ba mai wahala ba ne a faɗa. A ware wa ƙananan tashoshi kujeru da sunansu a kwamitocin da ke rubuta ƙa'idar lafiyar 'yan kwana-kwana, ba wakilin ƙungiyar ƙasa kaɗai ba, har da mutumin da ke riƙe da tasha mai mota biyu. A biya masa kuɗin hanya da na ranakun da ya rasa, ko a riƙa yin mitin ta intanet da yamma bayan an tashi aiki. Duk ƙa'idar da za a fitar a rubuta a gefenta nawa za ta ci wa tasha mai mutum 20, kuɗi da awanni, kafin a kaɗa ƙuri'a ba bayan an kaɗa ba. Sannan in gwamnati za ta mayar da ƙa'idar ganin dama ta zama tilas, to ta koma wurin waɗanda suka amince da ita ta sake tambayarsu, ta kuma zo da kuɗin binciken likitan a hannu, don akwai tallafin tarayya da hukumar agajin gaggawa ta FEMA ke raba wa tashoshi tun 2001, sai dai gasa ake yi kafin a samu, kuma tashar da ba ta da wanda ya iya rubuta takardar nema ita ce ta fi buƙata ita ce kuma ta fi rasawa.

Su ma 'yan sa-kan akwai nasu kason. Ƙofar aika shawara ga NFPA a buɗe take kowane zagaye, ba a biyan ko sisi, amma tashoshi ƙalilan ne ke amfani da ita, sai da aka ce tara na tafe sannan dubbai suka ɗauki biro. NFPA ta haɗe ƙa'idojinta da dama wuri guda ta canza musu lamba, ita 1851 ɗin ma an haɗe ta da ta kula da tukunyar iska ta koma 1850, kuma waɗannan sababbin bugun su ne duk wata doka ta gaba za ta ɗauko. Wanda bai sa baki a wannan zagayen ba, abin da wasu suka rubuta shi zai tarar.